Filin Tambaya da Amsa: Albashi, Adashi da Bashi

Wasiƙun da suka shigo wannan fili a wannan wata yawancinsu kan kuɗi suke, saboda haka muka zaɓi uku daga cikinsu, muka sakaya sunayen masu su kamar yadda suka nema.

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum. Ni malamin makarantar sakandare ne a Zariya, ina da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Albashina naira 140,000 ne, amma ƙungiyar gama-kai ta wurin aikinmu tana cire 20,000 duk wata saboda rancen da na karɓa, kuma saura wata takwas in gama biya. Mai shagon unguwarmu yana bina 38,000, yayan maiɗakina yana bina 100,000 da ya cika mini kuɗin haya. Da aka koro yara saboda kuɗin makaranta kuma, na karɓi 50,000 a wata manhajar bayar da rance ta waya, bisa sharaɗin in mayar da 65,000 bayan kwana talatin. Sau uku ke nan ina ba su 15,000 don su ɗaga mini ƙafa zuwa wani watan, yanzu kuma sun fara barazanar tura saƙo ga mutanen da lambobinsu ke cikin wayata. Maiɗakina ba ta san da wannan rance ba. Hayarmu 240,000 ce a shekara, kuɗin makaranta 30,000 kowane zango. Ta ina zan fara?

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo mafita. Ka riga ka yi abin da yawancin masu bashi suke gudu, wato ka zauna ka jera basussukan da adadinsu, domin mutane da dama sun fi son bashi ya zauna musu a zuciya a dunƙule, suna jin nauyinsa amma ba sa son ganin alƙalumansa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, har hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024 bisa ƙididdigar hukuma, ma'aikacin da bai taɓa buɗe littafi a shagon unguwa ba ma ya buɗe. Saboda haka ba zan ɗora maka laifin almubazzaranci ba, don ban ga alamarsa a wasiƙarka ba.

Basussukan nan huɗu ba jinsi ɗaya ba ne, kuma kuskure ne a riƙa yayyafa musu kuɗi daidai wa daida. Uku daga cikinsu suna tsaye inda ka bar su, ɗaya ne kawai yake cin ka kana barci. Ka duba lissafin manhajar nan da kyau: ka karɓi 50,000, ka riga ka biya 45,000, kuma har gobe 65,000 suke binka. Wannan kashi talatin cikin ɗari ne a kowane wata, wanda idan ka ci gaba da shi shekara guda za ka zuba musu 180,000, fiye da ninki uku da rabi na abin da ka karɓa, ba tare da uwar kuɗin ta ragu da ko sisi ba. Ko da an ajiye maganar haramcin kuɗin ruwa a gefe, wadda malaminka na unguwa ya fi ni iya yi maka bayaninta, lissafi kaɗai ya isa ya nuna maka cewa wannan bashi ne ya kamata ya mutu a wannan watan, ba a wata mai zuwa ba.

Kana da 15,000 da dama ka saba ba su, saura 50,000. A nan ne zan faɗi abin da na san ba za ka so ji ba: ka sanar da maiɗakinka. Barazanar da suke yi maka ba ta da wani ƙarfi sai na kunyar da kake ji, kuma ranar da iyalinka da shugaban makarantarku suka ji labarin daga bakinka, makamin ya faɗi daga hannunsu. Bayan haka ku duba abin da ke gidan wanda za a iya sayarwa ba tare da an taɓa hanyar neman abinci ba, kamar tsohuwar waya, ko janareton da aka daina tayarwa saboda tsadar mai, ko tunkiyar da ake kiwo. Kada ka sayar da babur ɗin da kake zuwa aiki da shi. Idan kuma ita ce ta ɗauko wani abu nata ta ce a sayar, ka tuna cewa dukiyar mace tata ce, ka rubuta shi a matsayin rance, ka sa masa ranar biya. Game da barazanar kuwa, ka adana duk saƙonnin da suka turo maka, domin hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, tana karɓar ƙorafi kan irin waɗannan manhajoji, kuma tun 2022 ta wajabta musu yin rajista da ita. Ranar da ka biya, ka nemi shaidar cewa an rufe bashin, ka goge manhajar daga wayarka, kada ka saurari saƙon da za su turo cewa yanzu ka cancanci rance mafi girma.

Da zarar wannan ta kau, 15,000 ɗin nan ta dawo hannunka, kuma sharaɗin shi ne kada ta narke cikin cefane. Ka kai ta wurin mai shago. Na sa shi gaba da surukinka ne ba don ya fi shi daraja ba, sai don kuɗinsa jari ne da yake juyawa, kuma shi ne ƙofar da za ka sake ƙwanƙwasawa ranar da garin tuwo ya ƙare kafin albashi ya shigo. Kada ka canza hanya don gudun wucewa ta gaban shagonsa. Ka je da ƙafarka, ka ce ya buɗe littafi, ku daidaita adadi, ka gaya masa za ka kawo 15,000 a wata na biyu, 15,000 a na uku, 8,000 a na huɗu. Ragowar 7,000 ta wata na huɗu ita ce za ta buɗe biyan surukinka, sannan 15,000 duk wata daga na biyar zuwa na takwas, abin da zai rage bashinsa zuwa 33,000. A wata na tara ƙungiyar gama-kai ta daina cire 20,000, sai ka haɗa ta da 15,000 ka rufe maganarsa gaba ɗaya. Wata tara ke nan, idan Allah ya tsare daga rashin lafiya da wata larura. Shi ma surukin ka same shi tun yanzu ka gaya masa wannan tsari, domin mai bin bashi ya fi jure jinkirin da aka sanar da shi a kan shirun da yake sa shi zargin an raina shi.

Sai dai biyan bashi rabin aikin ne, tunda ramin da ka faɗa yana nan a buɗe. Ka lura da abin da ya kai ka ga rance sau biyu: kuɗin haya da kuɗin makaranta. Babu ɗaya daga cikinsu da ya zo ba zato, don ka san ranar da haya za ta ƙare tun ranar da ka biya ta bara, kuma kai malami ne, kalandar zangon karatu tana manne a ofishinku. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haya 240,000 a shekara tana nufin 20,000 a wata. Makaranta 90,000 a shekara tana nufin 7,500 a wata. Idan muka ƙiyasta hidimar Sallah biyu da azumi a kan 120,000, wannan 10,000 ce a wata. Jimilla 37,500. Ma'ana, daga 120,000 da take shigowa asusunka, 82,500 ne kawai naka na kashewa, sauran kuwa amana ce ta mai gida da makaranta da tela, ko da yake ba su zo karɓa ba tukuna. Wanda ya ɗauki 120,000 duka a matsayin kuɗin wata, ya ci bashi ke nan tun kafin ya je neman rance.

Na san abin da za ka ce, kuma kana da gaskiya. Idan aka cire 15,000 ta biyan bashi daga 82,500, saura 67,500, kuma mutum shida ba za su ci abinci, su sha magani, su biya wuta, a zuba wa babur mai da wannan kuɗi cikin walwala ba. Tsarin kashe kuɗi ba ya haifar da kuɗi, yana nuna maka girman giɓin ne kawai, kuma naka giɓin na gaske ne. Hanya biyu ce ta cike shi. Ta farko, ka samu ƙaramin littafi ka rubuta duk abin da ya fita daga aljihunka na kwana talatin, har da data, da kuɗin mai POS, da gudummawar biki, da naira ɗari biyun da kake miƙa wa yara a ƙofar gida. Ba don ka zama marowaci ba, sai don ɗan hakin da ka raina shi ne yake tsone maka ido, kuma ba za ka san abin yankewa ba sai ka gan shi a rubuce. Ta biyu ita ce ilimin da ke kanka. Yara huɗu da za ka koyar bayan La'asar a kan 5,000 kowanne a wata sun biya maka hayar gida, muddin kuɗin yana tafiya kai tsaye wani asusu dabam wanda ba ka yawo da katinsa. A wannan shekarar kuma, a yi wa yara ɗinkin Sallah ɗaya, a haƙura da layya idan babu hali, tunda ba a ɗora ta a kan wanda bashi ya yi wa katutu ba. Idan ka fita daga bashin, 35,000 da za ta rage maka duk wata ita ce za ta sayi buhun masara a kasuwar Giwa lokacin kaka, maimakon awon tiya-tiya a tsakiyar damina.

TAMBAYA TA BIYU

Ni matar aure ce a Kano, ina yin zobo da kunun aya ina ba yara suna kaiwa shaguna. Ciniki yana tafiya, amma kullum jarina raguwa yake yi, har sai na nemi ciko wurin maigida. Ina zubin adashi na 5,000 duk mako, mu ashirin ne, kuma ni ce ta goma sha tara a ɗiba. An taɓa cinye mini kuɗi a wani adashi da uwar adashin ta ce wasu sun ƙi zubi. Wata ƙawata kuma tana ta matsa mini in sa kuɗi a wata harka ta intanet da ake ninka wa mutum kuɗinsa cikin wata ɗaya. Adashi ya fi, ko banki, ko wannan harkar?

AMSA

Hajiya, bari in fara da ta ƙarshen, domin ita ce mai gajeriyar amsa: kada ki sa ko naira ɗaya. Babu wata halattacciyar sana'a da take ninka kuɗi a wata guda ta kuma rasa masu zuba jari har sai ta bi mata gida-gida. Kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko da su, kuma ranar da sababbi suka yi ƙaranci sai shafin ya rufe. Haka MMM ta yi a Disambar 2016, haka CBEX ta yi a Afrilun 2025, kuma a duka biyun waɗanda suka jawo 'yan'uwansu ba mugaye ba ne, mutane ne da aka biya sau ɗaya ko sau biyu suka gaskata. Mai yiwuwa ƙawarki tana cikin wannan rukuni.

Matsalarki ta ainihi ba wurin ajiya ba ce, jarin da yake zurarewa ne, kuma ina kyautata zaton na san ta inda yake bi. Robar da ake zuba cinikin zobo ita ce ake ɗaukar kuɗin magi da na makarantar allo da na anko a cikinta, sannan ranar Juma'a a ɗebi 5,000 ta adashi, sai ranar sarin zoɓorodo da sukari da aya ta zo a tarar kuɗin bai kai ba. Ki yi wannan gwaji na mako biyu. Duk ranar da kika yi haɗi, ki rubuta abin da kika kashe, tun daga aya da dabino da sukari har ƙanƙara da robobi da ladan yaran da suke kaiwa. Da yamma, kafin ki taɓa komai, ki ware wannan adadi ki ɗaure shi dabam, domin shi ne uwar kuɗi kuma ba naki ba ne, na sana'ar ne. Abin da ya rage shi ne riba, kuma a cikin ribar ma sai kin bar wani abu saboda sukarin da kika saya yau ba lallai ki same shi a wannan farashi jibi ba. Idan ribar mako ba ta kai 5,000 da ɗoriya ba, to da jarinki kike zubin adashi, wato kina cire kuɗi daga aljihun dama kina sa wa a na hagu kina kiran sa tari. In haka ne, ki nemi rabin hannu ko ki koma adashin 2,000 idan wannan zagayen ya ƙare.

Ba na cikin masu raina adashi. Yana yin abin da banki ba ya iyawa, wato yana tilasta wa mutum ajiya, saboda kunyar idon mata goma sha tara ta fi ƙarfin kowace niyya da mutum zai ɗaura shi kaɗai. Amma ki fahimci yadda yake aiki: wadda ta ɗiba a makon farko ta samu rancen 95,000 ba ruwa, wadda take ta goma sha tara kuwa ita ce ta ba da rance na fiye da wata huɗu, kuma ita ce take ɗauke da haɗarin duk wadda ta kwashe ta daina zubi. A lokacin tsadar kaya ma, 100,000 da za ki karɓa a ƙarshe ba za ta sayi sukarin da ta farko ta saya da tata ba. Saboda haka ki nemi a riƙa juya layi ko a yi ƙuri'a a kowane zagaye, a rage yawan mutane don zagayen ya gajarta, kuma a samu littafi da kowa za ta iya dubawa, ba wanda yake ƙarƙashin katifar uwar adashi ba.

Akwai wani tsari da ya kamata ku duba, wanda asalinsa ma daga ƙasar Hausa yake. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shi da matan karkara a yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar da sunan Mata Masu Dubara, daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Mata suna zubi a akwati mai makullai uku da suke hannun mutum uku dabam-dabam, ba a buɗe shi sai a gaban kowa, mai bukata ta karɓi rance daga ciki, a ƙarshen zagaye kuma a raba. Ko ba ku ɗauki tsarin duka ba, wannan dabara ta hana mutum ɗaya riƙe kuɗi ita ce maganin abin da ya same ki a baya.

Banki kuwa wurin kuɗin ko-ta-kwana ne, na asibiti da na ranar da firji ya lalace, wanda adashi ba zai ba ki ba sai layinki ya zo. Idan kuɗin ruwa ne yake hana ki, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ, da Lotus. Idan tsoron rushewar banki ne, hukumar inshorar kuɗin ajiya, NDIC, ta ɗaga abin da take lamunce wa kowane mai ajiya zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna da miliyan 2 a ƙananan bankunan al'umma a 2024, kuma da wannan ma'auni aka biya masu ajiya a bankin Heritage bayan an soke lasisinsa a watan Yuni na shekarar. Ki buɗe asusun da sunanki, ki riƙe lambar sirrinki, ki fara da 1,000 a mako.

TAMBAYA TA UKU

Ni yaron shago ne a Kantin Kwari, ina tara kuɗin aure. Bara wani abokina na ƙuruciya ya karɓi 150,000 a hannuna ya ce wata biyu, ba mu rubuta ba kuma babu shaida. Yanzu shekara ta zagayo, na ga ya sauya waya, amma idan na yi maganar sai ya ce in ƙara haƙuri. Ina jin nauyin matsa masa.

AMSA

Ɗan'uwa, aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka, saboda haka wanda ya ce a rubuta bai nuna rashin yarda ba. Aya ta 280 ta yi umarni da a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci, amma hadisi ingantacce ya kira jinkirin mai hali zalunci, kuma aikinka na farko shi ne ka gane a wane ɓangare abokinka yake. Sabuwar waya alama ce, ba hujja ba ce, don mai yiwuwa ita ma bashi ce.

Ka daina tambayarsa a tsaye a bakin hanya ko ta waya, inda "ƙara haƙuri" take da sauƙin faɗa. Ka nemi wani babba da ku duka kuke jin nauyinsa, ko maigidanka na kasuwa ko limamin unguwarku, ku zauna ku uku, ka faɗi adadin a gabansa ya amsa da bakinsa, wanda hakan ya zame maka shaidar da ba ka kafa ba tun farko. Kada ka nemi 150,000 a dunƙule, domin wanda ya kasa kawo ta shekara guda ba zai kawo ta gobe ba. Ka nemi 25,000 duk ƙarshen wata har wata shida, a rubuta a takarda, ku sa hannu, kowa ya riƙe kwafi, kuma ya riƙa turowa ta asusun banki don kowane biya ya bar alama. Kafin nan, ka cire wannan kuɗi daga lissafin lefenka, ka sa ranar aure gwargwadon abin da yake hannunka, duk abin da ya dawo daga wurinsa kuma ka ajiye shi don hayar shekarar farko.